Yadda Ake Zaɓen Filta Mai Sauƙin Kuɗi Don Tankin Kifin Ado a Zariya

Tambayar da masu kiwon kifin ado suka fi yi mana ita ce: wace filta ce mai araha da za ta riƙe tankin gilashi a falo, ruwa ya zauna garau, kifi kuma ya rayu? Galibi mai tambayar ya riga ya yi asara. Ya sayo tanki da kifi rana ɗaya, an haɗa masa da wata filta, bayan kwana goma ruwa ya koma kamar na wankin shinkafa, kifaye sun taru a sama suna haki.

Kafin a shiga matakai, a riƙe abu ɗaya. Tare datti ƙaramin aikin filta ne. Babban aikinta shi ne zama gida ga wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke cinye gubar amoniya da kifi ke fitarwa ta kashinsa da numfashinsa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa rayuwa sai da ruwa mai motsi da iskar oksijin, dare da rana. Saboda haka a garin nan, yanayin wutar unguwarka ne zai zaɓa maka filta kafin rubutun da ke jikin kwali.

1. Auna tankin, ka san litar da yake ci

Ɗauko tef ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita. Ninka ukun, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Tankin ƙafa biyu mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54. Na ƙafa uku mai 90 da 40 da 45 yana cin lita 162. Sai ka cire kashi 10 cikin 100 saboda tsakuwa da duwatsun ado da ɗan gurbin da ake bari a sama. In babu tef, ƙirga jarkar da ta cika shi, amma ka duba rubutun jikinta, ta lita 20 ce ko ta 25.

Ƙa'idar ita ce filta ta juya ruwan tanki gaba ɗaya sau 4 zuwa 6 a awa. Tanki mai ruwa lita 50 yana son lita 200 zuwa 300 a awa. A jikin kwali za ka ga an rubuta lamba da L/H a gabanta, wannan ce.

Hattara: wannan lamba ta injin da ba a sa masa komai ba ce. Da zarar soso ya shiga, datti ya fara taruwa, ƙarfin yakan faɗi sosai, wani lokaci har kusan rabi. Don haka mai neman 300 ya sayi 400. Amma kada a zarce. Injin 1,500 a tankin lita 50 zai yi ta watsa kifi yana haɗa su da gilashi, ba su samu wurin hutawa ba, ƙarshe gajiya ta jawo musu cuta.

2. Dubi irin kifin da yawansa

Tankuna biyu masu girma ɗaya ba lallai su buƙaci filta iri ɗaya ba. Ƙananan kifaye irin su gufi, moli, filati da tetira kashinsu kaɗan ne, sau 4 a awa ya ishe su. Kifin zinare, wanda aka fi sani da golfish, da koyi da oska kuwa ci gare su, kashi gare su. Su a ba su sau 8 zuwa 10. Haka 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da wasu ke sawa a gilashi: suna girma da sauri, nan da wata biyu filtar da ta ishe su a farko ta gaza.

Kifin beta mai dogayen fukafukai ba ya son igiyar ruwa ko kaɗan. Gufi da moli kuma haihuwa suke yi, 'ya'yansu ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, filta mai inji tana zuƙe su cikin dare ɗaya. Ga waɗannan, filtar soso, wadda kumfar iska ke sa ta aiki ba inji ba, ita ce kawai ta dace, ko kuma a lulluɓe bakin zuƙar injin da guntun soso.

Babu filtar da za ta gyara cunkoso. Golfish shida a tankin ƙafa biyu sun yi yawa ko da wace na'ura aka sa musu. Biyu ƙanana ma zaman wucin gadi ne kafin a nemo babban tanki. Rage kifi ya fi ƙara filta sauƙin kuɗi.

3. Yi wa wutar gidanka lissafin gaskiya

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Tambayi kanka: awa nawa a jere ake iya ɗauke wuta a layinmu? Akwai inbata ko sola a gidan? Janareta na kwana a kunne ko ana kashe shi ƙarfe goma sha ɗaya?

Dalilin tambayar shi ne abin da ke faruwa a cikin filta idan ta tsaya. Filtar da ke rufe ruf, kamar ta tulu da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ruwan cikinta kaɗan ne, bakteriyar cikinta kuma da yawa. Cikin 'yan awanni sun shanye oksijin ɗin, sun fara mutuwa. Idan aka daɗe, ruwan ciki ya ruɓe ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da an kawo wuta injin ya tashi, wannan ruwan ne farkon abin da zai watsa wa kifi. Filtar soso kuwa tana zaune a tsakiyar ruwan tanki, ko iska ta tsaya tana samun ɗan oksijin daga ruwan da ke kewaye da ita, shi ya sa ta fi jure rashin wuta.

Zafin Zariya ma yana ƙara wa abin nauyi. Ruwa mai ma'aunin zafi 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, mai 30 kuwa kusan 7 da rabi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki ke zafi har dare, kifi ya fi buƙatar iska, ruwa kuma ya fi ƙarancinta. Wuta ta ɗauke da tsakar rana a irin wannan lokaci, tanki mai cunkoso ba ya kai magariba lafiya.

Mafita ba ta da tsada. Akwai famfon iska, wato ƙaramar na'urar da ke hura iska cikin ruwan tanki, iri uku da ke aiki ba wutar layi:

Mai batir a ciki, wanda ake barinsa a soket kullum, da wuta ta ɗauke ya koma kan batirinsa da kansa. Shi ne ya fi dacewa da wanda ke wuni a ofis ko makaranta ko kasuwa. Sai ƙaramin famfo mai kan USB da ke cin kusan wat 1, ana jona shi da fawa bank ɗin waya. Fawa bank mai 10,000mAh na gaske zai riƙe shi kusan kwana guda. Na ukun shi ne mai amfani da manyan batura irin na tocila, wanda sai da mutum a gida zai kunna, kuma kuɗin batir na taruwa.

Cin wutar waɗannan na'urori kaɗan ne. Famfon iska mai wat 3 da ke aiki dare da rana yana cin yunit 2 da ɗan ɗoriya a wata. Inji mai wat 15 yana cin kusan yunit 11. Ninka da kuɗin yunit na mitarka ka ga abin da zai tsaya maka.

Gargaɗi: kada a kashe filta da dare don tsimin wuta ko don ƙara. Dare ne lokacin da oksijin ya fi ƙaranci, musamman in akwai tsirrai masu rai a tankin, domin su ma shaƙa suke yi idan babu haske.

4. Zaɓi nau'in filtar

Filtar soso. Dunƙulen soso ne baƙi a jikin bututun roba mai nauyi a gindi. Famfon iska na hura kumfa ta cikin bututun, kumfar na tashi tana jan ruwa ta cikin soson. Ba ta da inji a ruwa, ba abin da zai ƙone, ba ta ƙara wa ruwa zafi, tana ba da iska da tacewa lokaci guda. Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ba ta da kyan gani, sai an ɓoye ta bayan dutse ko tsiro. Ba ta kuma kwashe manyan datti da sauri, sai ka taimaka mata da tiyon zuƙe ƙasan tanki. Duk da haka, ga tankin da bai wuce lita 100 ba a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, ita muke ba da shawara a fara da ita.

Filtar cikin ruwa mai inji. Tana manne a jikin gilashi daga ciki, inji a sama, ɗan soso a ƙasa. Tana sa ruwa ya washe da wuri, kuma tana tashi da kanta idan wuta ta dawo. Rauninta ƙanƙantar soson: yana toshewa duk mako, gidan bakteriya kuma bai da yawa. Zafin injin ma a ruwa yake ƙarewa. In ita za ka saya, nemi mai ɗaki biyu ko uku da ake ɓallewa, don ka sa soso a ɗaya, zobban yumɓu, waɗanda bakteriya ke zama a ramukansu, a ɗayan.

Filtar sama. Inji a ruwa yana tura ruwa zuwa wani dogon kwando da ke kwance a saman tanki, ruwan ya bi ta kayan tacewa ya zubo. Ga golfish da manyan kifaye a tankin ƙafa uku zuwa huɗu, wannan ce ta fi biyan kuɗinta, domin kwandon na ɗaukar kaya da yawa kuma wankinsa ba wuya. Matsalarta, idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, ruwan kwandon na tsiyayewa kayan ciki su bushe, musamman da hunturu. A riƙa ɗibar ruwan tanki da kofi ana zuba musu duk bayan 'yan awanni.

Filtar ratayawa a baya. Tana da kyau, ba ta cin wuri a cikin tanki. Sai dai wasu daga cikinsu idan wuta ta ɗauke ruwan cikinsu na komawa tanki, da ta dawo injin ya yi ta juyawa a bushe har ya yi zafi ya lalace. Kafin ka biya, a gwada maka: a kunna, a zare, a jira minti biyu, a mayar. In ba ta ja ruwa da kanta ba, bar ta. Ka kuma tuna tankin da aka yi wa murfin katako ko alminiyam sai an yanke masa wuri.

Filtar tulu. Ita ce mafi ƙarfi kuma mafi tsada nesa ba kusa ba. Sai tanki ya haura lita 200 kuma gidan na da inbata tsayayye.

Akwai kuma ta ƙarƙashin tsakuwa, faifan roba da ake shimfiɗawa kafin a zuba tsakuwa. Datti na taruwa a ƙarƙashinta, ba ya fita sai an kwashe tankin kaf. Ba mu ba da shawararta.

A dunƙule: ƙasa da lita 40, ƙaramin soso da famfo mai wat 2. Lita 50 zuwa 100, babban soso ko mai kai biyu, in golfish ne a ƙara filtar ciki ko ta sama mai juya lita 400 zuwa 600 a awa. Lita 100 zuwa 200, filtar sama mai 800 zuwa 1,200, tare da soso ɗaya a kusurwa da aka jona da famfo mai batir. Wannan soson shi ne zai riƙe kifin ranar da babu wuta.

5. Rubuta duk abin da za ka saya, ka gwada kafin ka biya

Mutane kan tanadi kuɗin filta kawai, su je shago su tarar da sauran tarkace. Ga mai sayen filtar soso, jerin shi ne: soson kansa, famfon iska mai ba da lita 2 zuwa 3 a minti, siririn tiyon iska mita 2, bawul mai hanya ɗaya da ke hana ruwa komawa cikin famfon, ɗan makunnin rage iska, robobin manna tiyo a gilashi, maganin cire kilorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), tiyon zuƙar datti, da sabon bokiti da ba za a taɓa sa masa sabulu ba. Famfon ne zai ci kaso mafi girma, kuma nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba. Soso mai araha da mai tsada bambancinsu kaɗan ne, amma famfo mai rauni zai hana ka barci da ƙara, ya mutu cikin 'yan watanni. In kuɗi sun gaza, a jinkirta fitilar ado da furannin roba, a sayi famfo mai batir.

Kayan kamfanoni irin su Sobo, SunSun da Resun suna daga cikin masu sauƙin kuɗi. Ko a Sabon Gari ka samu, ko ka yi oda daga Kaduna, Kano ko Legas, ko ta Jiji da Jumia, abubuwan dubawa ɗaya ne. Duba an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka 110 zuwa 120V ce, tana shiga soket ɗinmu za ta ƙone, kuma irinsu na shigowa cikin kayan gwanjo. Sa a kunna famfon a gabanka, ka toshe bakin iskar da ɗan yatsa, ya kamata ka ji tana turo yatsan. Inji mai shiga ruwa kuwa a gwada shi a bokiti, ba a bushe ba. Buɗe gindinsa ka ga farfelar, ba tsagewa, sandarta ba ta lanƙwashe ba. Bi wayar da hannu tun daga inji har kai, ko ƙaramar yanka ka ji, mayar masa. Tambayi ko ana samun farfela da robar cikin famfo daban, domin su ne ke fara mutuwa.

Kada a yanko katifa a ce an samu soso. Ramukanta ƙanana ne, tana toshewa nan da nan, kuma ba a san sinadaran da ke jikinta ba. Haka soson wanke-wanke mai ƙamshi ko mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gawayin girki ma ba shi ne gawayin filta ba. Na filtar kansa ba dole ba ne: ƙarfinsa na ƙarewa cikin mako 3 zuwa 4, kuma yana shanye duk maganin da ka sa wa kifi mara lafiya.

6. Haɗawa

Wanke soson da ruwa zalla, ka nutsa shi a tanki kana matsawa har iskar cikinsa ta fita, in ba haka ba zai yi ta tasowa. Ajiye shi a kusurwar baya, ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da gilashi. Jona tiyo a kansa, ka yanke tiyon a wajen tanki kusa da bakin gilashi, ka sa bawul ɗin a tsakani. Bawul na da gaba da baya. Busa shi da baki kafin ka sa: ɓangaren da iska ke fita shi ke kallon tanki.

Kada a raina wannan bawul. Idan famfo na ƙasa da saman ruwa kuma wuta ta ɗauke, ruwa na iya biyo tiyo ya gangaro cikin famfon, daga nan ya malale a ƙasa kusa da soket. A gidan da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan haɗari ne na kullum. Mafi aminci a haɗa biyu: a sa bawul, a kuma ɗora famfon a kan wata kanta ko a rataye shi a ƙusa sama da ruwa. Shimfiɗa masa guntun tawul a ƙasa, ƙarar za ta ragu.

Duk wayar da ta fito daga tanki a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon ruwan da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Kada a ajiye ekistenshan a ƙasan tanki. Kuma a zare komai daga wuta kafin a sa hannu a ruwa.

A filtar sama ko ta ciki mai ɗakuna, jerin kaya shi ne: ruwa ya fara cin karo da soso mai manyan ramuka, sannan audugar filta, sannan zobban yumɓu. In aka juya, datti zai toshe zobban. Saita mafitar ruwan ta yadda saman tanki zai riƙa ɗan rawa, domin ta nan oksijin ke shiga.

7. Gyara ruwan, ka ba filtar lokaci ta nuna

Filta ba ta cire kilorin da sauri har ta ceci kifi, hasali ma kilorin ne ke kashe bakteriyar cikinta. Ruwan famfo sai an sa masa maganin cire kilorin daidai yadda aka rubuta a kwalba. Misali, Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200, don haka bokiti ɗaya 'yan ɗigo ne. In babu magani, a ajiye ruwan a buɗaɗɗen baho kwana 1 zuwa 2, in da hali da kumfar iska a ciki.

Ruwan burtsatse ba shi da kilorin amma yana fitowa da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe, za ka ga yana barin jan tabo a bokiti. A bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama. Ruwan rijiya da damina yakan gurɓace, musamman a unguwannin da rijiya ke kusa da shadda. Ruwan 'yan garuwa kuma a tambayi inda aka ɗebo shi, a shinshina jarkar, kada ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir. Ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta, ko maganin tsabtace ruwan sha irin WaterGuard, kada ya shiga tanki kai tsaye: na farkon yana ƙara wa ruwa tsami, na biyun kilorin ne.

Sabuwar filta fanko ce, babu bakteriya a cikinta. Tana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Cika tanki, kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum ba tare da kifi ba. Abincin zai ruɓe ya ba da amoniya, rukunin farko na bakteriya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, rukuni na biyu su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai ta taru. A makon farko ruwa kan yi fari kamar hazo. Ba lalacewa ya yi ba, kada a zubar, zai washe da kansa.

Hanya mafi sauri ita ce ka samu wanda tankinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ya matse maka sosonsa a leda da ɗan ruwan tankinsa. Wannan ruwa mai launin ƙasa ka juye shi a kan sabon sosonka a ranar, kada ya wuni a rana cikin but ɗin mota. Yana rage jiran sosai.

Kayan gwajin ruwa ne ke nuna an kai: amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da 40. Na ɗigawa ya fi na takarda daidaito, na takarda ya fi araha. Sannan a sa kifi biyu ko uku, a jira mako guda kafin a ƙara.

Wanda ya riga ya sa kifi a sabon tanki, ya rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, ya riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu har wata guda.

8. Wanki

Duk mako a canja kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, ana zuƙo datti daga cikin tsakuwa. Duk mako 2 zuwa 4, ko da zarar kumfa ko gudun ruwa ya ragu, a ciro soson a matse shi sau biyar ko shida a cikin bokitin ruwan da aka cire daga tankin. Ba sai ya koma sabo ba. Launin ƙasa-ƙasan da ya rage a jikinsa shi ake so.

Babban kuskure shi ne wanke soso a bakin famfo, ko da omo, ko shanya shi a rana, ko kwashe tanki gaba ɗaya a goge komai rana ɗaya. Mai yin haka ya mayar da kansa ranar farko, shi ya sa za ka ji an ce kifi sun mutu kwana biyu bayan an yi musu wanki tas. Audugar filta ce kaɗai ake yarwa idan ta yi baƙi. Soso na shekara da shekaru, in ya fara ruɓewa a sa sabon kusa da shi wata guda kafin a cire tsohon.

Wata-wata a ciro farfelar inji a goge ta da tsohon buroshin haƙori. Da hunturu kuma a duba ɗan ƙyallen da ke ƙarƙashin famfon iska, ta nan yake shaƙa, ƙura na toshe shi cikin makonni kaɗan.

Famfon iska duk abin da ke ɗaki yake turawa cikin ruwa. Feshin maganin sauro, fiya-fiya da hayaƙin maganin sauro na kunnawa duk guba ne mai ƙarfi ga kifi. In za a yi feshi, a kashe famfon, a rufe tankin da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi bayan an gama, sai warin ya fita a kunna. Turaren wuta ma a nisanta kaskon daga famfon.

9. Idan wani abu ya canja

Kifi na haki a sama alhali filta na aiki: ko dai iska ta yi kaɗan ko amoniya ta hau. Canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan nan take, ƙara kumfa, a bar abinci na kwana ɗaya. Ruwa ya yi kore: ba laifin filta ba ne, hasken rana ne ke dukan tankin ko fitila na wuce awa 8 a kunne. Inji na gurnani ba ya turo ruwa: tsakuwa ko gashi ya naɗe farfela, ko kuma wutar ba ta da ƙarfi, a zare shi har ta daidaita don kada ya ƙone. Famfo na ƙara amma kumfa ta ragu: tiyo ya lanƙwashe, bawul ya toshe, ko robar cikin famfon ta tsage.

Idan wuta ta yi fiye da rabin yini ba ta zo ba kuma babu batir, a daina ciyarwa, a riƙa ɗibar ruwan tankin da kofi ana zubo shi daga sama sau goma zuwa ashirin duk awa. Filta mai rufi kuwa a zare ta daga soket tun wutar ba ta dawo ba. In ta dawo, a buɗe, a shinshina, a zubar da ruwan ciki, a ɗauraye kayan da ruwan tanki kafin a mayar.